Idan Mai Makulli Ya Gudu, Me Aka Bari a Rubuce?

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta zama jiki ga masu ƙera manhajoji, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Mutum zai share watanni yana haɗa manhaja, ya karɓi kuɗinsa cif, a yi bikin ƙaddamarwa, a yanka kintinkiri, a ɗauki hotuna. Amma a ce ya zauna ya rubuta yadda abin yake aiki, me yake karɓa, me yake mayarwa, ina yake tuntuɓe, sai ya ce ba shi da lokaci. Sunan wannan cin amana.

Shekara da shekaru mutane ne ke kwasar wahalar wannan sakaci. Ma'aikacin da ya gaji kujerar ya wuni yana lalube, ya buga wa wanda ya tafi waya, ya roƙi na kusa da shi, ya yi kuskure a zage shi, a hankali ya gano da kansa. Da yake ɗan'adam yana da haƙuri, yana kuma da bakin tambaya, sai asirin masu sakacin ya daɗe a rufe.

To, yanzu ya tonu. An shigo da sabon mai karatu, wato 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira. Waɗannan sun wuce hira. Ana ba su aiki su je su aiwatar: su binciko suna a rumbun bayanai, su cike fom, su tura kuɗi, su goge rajista. Irin wannan ɗan aike ba shi da lambar wayar wanda ya ƙera kayan aikin. Ba ya leƙa ofishin kusa ya yi tambaya. Abin da aka rubuta masa shi ne iyakar saninsa game da kayan da aka damƙa masa. In aka bar giɓi, sau da yawa zato yake zubawa ya cike shi, ya wuce gaba kamar ya tabbata.

Su wa ke yawon tallar waɗannan 'yan aike ga bankuna da asibitoci da ƙungiyoyin agaji? Su ne dai mutanen da suka ƙi rubuta shafi biyu na bayani. A cikinsu nawa ne suka taɓa zama suka auna ko bayanin da suka bari ya isa ɗan aiken ya yi aiki ba tare da ɓarna ba?

Duk mai ganin wannan ƙaramar magana ce, ya dubi Jabal Awliya.

Garin yana kudu da Khartoum, tafiyar sama da kilomita 40, a bakin Farin Nilu. A nan aka gina madatsar ruwa a zamanin mulkin Turawan Birtaniya, don amfanin Masar, aka kammala ta a 1937. A wancan lokaci aikinta shi ne ta tare ruwa lokacin cikar kogi, ta sake shi lokacin da gonakin Masar ke ƙishi. A 1977 aka miƙa ta ga Sudan. A farkon shekarun 2000 aka dasa mata ƙananan injinan wuta guda 80 masu ba da kimanin megawat 30. Tafkin da ke bayanta yana ciyar da masunta, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa, jikokin waɗanda hanyar Makka ta ajiye a ƙasar Sudan. Ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan garin ta miƙe har Kalakla da Mayo, unguwannin da talakan Khartoum ke kwana.

Kula da madatsa irin wannan aiki ne na kullum. A buɗe ƙofa kaza yau, a rage gobe, gwargwadon ruwan da ke tafe daga Tafkin Victoria da Sudan ta Kudu. Sai da masanin da ke tsaye a kanta.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023. A Nuwamban wannan shekara dakarun RSF suka ƙwace yankin, gadar da ke kan madatsar ta karye, kowane ɓangare ya nuna wa ɗan'uwansa yatsa. Ma'aikata suka tsere da ransu. A ƙarshen 2024 masana ruwa na wata cibiya da ke Delft a ƙasar Holan suka yi gargaɗin cewa madatsar na cikin haɗari, ga ruwa na ƙaruwa, ga ƙofofi ba a juya su yadda ya kamata. A Disamba ruwa ya tumbatsa ta baya, ya shiga gidajen mutane a Jazira Aba, can kudu a jihar Farin Nilu. Sai a Maris na 2025 sojojin Sudan suka karɓe wurin.

Kada wani ya murɗe maganata. Bindiga ce ta kori injiniyoyin, kuma babu takardar da ke buɗe ƙofar madatsa a gaban mai bindiga. Su ba su da laifi. Abin da Jabal Awliya ta nuna wa duniya ƙarara shi ne, wanda ya san kan abu yana iya wayar gari babu shi, alhali abin yana nan yana ci gaba da aiki a kan rayukan bayin Allah.

Yaƙin Sudan ya raba mutum fiye da miliyan 10 da gidajensu. A cikinsu akwai masu rubuta manhaja, akwai masu kula da rumbunan bayanan bankuna da jami'o'i da asibitoci. Wannan yana Alƙahira, wancan yana Port Sudan, wani Kampala, wani Riyadh, wani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Duk abin da yake cikin kansu kaɗai ya tafi tare da su. Abin da aka rubuta, aka kuma adana shi a inda wuta ba ta kai ba, shi ne kawai ya saura ga mai son tayar da aikin.

To shi wanda ke zaune a Kano ko Abuja ko Yamai ko Nairobi ko Kalifoniya, babu bindiga a kansa, na'urar sanyaya ɗaki na kaɗa shi, albashinsa na shiga a kan kari, mene ne uzurinsa? Ya yi alƙawari da mutuwa ne? Ko ya rantse ba zai taɓa sauya wurin aiki ba?

Jama'a, ku san cewa rayuwar talakan kudancin Khartoum a waɗannan shekaru ta rataya ne a kan waya. Rassan bankuna sun rufe, takardar kuɗi ta yi wuya, sai manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ta zama hanyar da ɗa ke aiko wa uwarsa kuɗin cefane daga Saudiyya. Matasan ɗakunan agajin gaggawa, da masu dafa abincin sadaka a tukwanen da ake kira takaya, ta wannan hanya gudummawa ke iso musu. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗi don su samu 'yan mintuna a kan Starlink su ga ko saƙo ya shigo. A Disamban 2024 gwamnati ta sauya takardun fam 500 da 1,000, ta ƙara tura mutane zuwa asusun banki. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta, tukwanen takaya da yawa suka sauka daga murhu.

Kuɗi ya ragu, ma'aikata sun ragu, mabuƙata sun ƙaru. A irin wannan hali ne mai talla ke shigowa da murmushi ya ce wa ƙungiyar agaji: ga ɗan aiken na'ura, zai yi muku aikin mutum goma. Ni ban ƙi ba. Abin yana iya taimakawa ƙwarai. Amma da wane bayani zai yi aikin?

A ɗauki maganar kuɗi. Manhaja tana da gurbi, an rubuta masa kalma ɗaya tak: adadi. Adadin me? Fam ne ko dala? A 2007 Sudan ta fito da sabon fam wanda ya maye gurbin dinari, fam ɗaya sabo daidai da fam 1,000 na da. Har yau a kasuwa mutum zai ce maka miliyan alhali fam dubu yake nufi, domin bakin mutane bai saki tsohon lissafi ba. Ɗan sa-kai ya rubuto daga Mayo cewa tukunyarsu na buƙatar miliyan kaza. Ɗan'adam ɗan ƙasa zai gane nan take. Ɗan aiken na'ura fa, in ba a rubuta masa ba? Ko ya tura ninki dubu, ko wata rana ya rage ninki dubu. Layi ɗaya na bayani ya isa ya toshe wannan rami. Kamfanin Paystack na Najeriya ya rubuta ɓaro-ɓaro a bayaninsa cewa da kwabo ake shigar da adadi, ba da naira ba. Ai ba wahayi aka saukar musu ba. Zama suka yi suka rubuta.

Ga wadda ta fi ci mini rai. An danna tura kuɗi, sai layi ya yanke kafin amsa ta dawo. Kuɗin ya tafi ko bai tafi ba? In an sake dannawa, sau biyu za a biya ko manhajar za ta gane cewa buƙata ɗaya ce? Duk wanda ya ƙera hanyar biyan kuɗi ya san amsar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ka duba takardun bayanin da ake miƙa wa ma'aikatu da ƙungiyoyi, sau nawa za ka ga an faɗa? Ɗan aiken na'ura kuwa an gina shi ne a kan naci: in bai ga amsa ba, ya sake gwadawa. A ƙasar da intanet ke zuwa yana ɗaukewa sau goma a wuni, wannan shiru na takarda yana nufin gida ɗaya ya karɓi rabo uku, gidaje biyu su kwana da yunwa. Wanda ya san haka ya yi shiru, me za a kira shi?

Shi kansa sunan garin tarko ne. A rubutun boko wani ya rubuta Jabal Awliya, wani Jebel Aulia, wani Jebel Awlia, ga kuma na Larabci. Idan kayan bincike ba ya karɓar komai sai rubutu guda tilo, kuma ba a faɗi haka a bayani ba, ɗan aike zai nema, a dawo masa da fanko, ya kai rahoton cewa babu mai rajista a wannan yanki. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ayyukan jinƙai ya daɗe da ba wa kowace jiha da ƙaramar hukuma lamba ta musamman don gudun irin wannan ruɗani. Maganin yana nan a ajiye. Abin da ya rage kawai mai manhaja ya rubuta cewa a yi amfani da lambar, kuma fanko ba ya nufin babu kowa. Bai rubuta ba.

Haka lokaci: ranar 1 ga Nuwamba, 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, kuma duk manhajar da ba a sabunta ba tana nan a kan tsohon lokaci. Haka suna: ɗan Sudan yana jera sunansa da na uba da na kaka da na kakan uba, fom kuwa gurbi biyu gare shi, ba a kuma faɗi wanne za a zuba a ina ba. Haka maɓallin gogewa, wanda ba a faɗi ko abin da ya goge yana dawowa ba.

Ko yaro za ka aika kasuwa, kana gaya masa rumfar da zai je, da mudun da za a auna masa, da abin da zai yi in ya tarar babu. In ka miƙa masa kuɗi ka ce je ka kawai, ya dawo da abin da ba shi ba, duk unguwa ta san wanda ya yi wauta. Me ya sa idan aka zo kan na'ura sai a ce laifin ɗan aike ne?

Kada su ce ba su san illar ɓoye bayani ba. Duniya ta riga ta biya da rayuka.

Kamfanin Boeing ya saka wata manhaja mai suna MCAS a jirginsa samfurin 737 MAX, mai iya dunƙufar da hancin jirgi ƙasa da kanta, amma aka bar bayaninta a waje da littafin matuƙa. A Oktoban 2018 matuƙan Lion Air suka faɗa teku a Indunusiya suna kokawa da abin da ba a taɓa gaya musu akwai shi ba. Mutum 189. A Maris na 2019 jirgin Habasha ya bi sahu jim kaɗan bayan tashi daga Addis Ababa. Mutum 157. Ƙwararrun matuƙa ke nan, masu hankali da ido da shekarun aiki.

A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda manhajar wani rukuni tana fitar da lissafi da ma'aunin Ingilishi, alhali takardar yarjejeniya ta ce a yi da ma'aunin mita. A nan takardar tana nan, amma abin da ta faɗa daban, abin da manhajar ke yi daban, kuma ba a gwada su gefe da gefe ba sai da kumbo ya salwanta. Takardar da ba a gwada ta da kayan aikin ba, ƙarya ce mai hatimi.

In kuma sun ce waɗannan tsofaffin labarai ne, ga na jiya-jiya. A Yulin 2025 ɗan aiken kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa a Amurka, Jason Lemkin, bayan an ce masa kada ya taɓa komai. Sannan ya ce abin da ya goge ba ya dawowa, alhali yana dawowa, kuma an dawo da shi. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya amsa cewa abin bai dace ba, ya kuma ambata cewa ɗan aiken bai samu takardun bayanin da suka kamata ba. Wannan mutum yana da murya, yana da dubban mabiya, aka saurare shi cikin kwana ɗaya. Bazawarar da sunanta ya ɓace daga rajistar abinci a Kalakla, wa za ta kai wa kuka?

Yanzu ga inda munafuncin yake.

A Satumban 2024 Jeremy Howard ya kawo shawarar a riƙa ajiye wani fayil mai suna llms.txt a shafukan intanet, don na'urori su samu bayani a tsaftace. A Nuwamban shekarar kamfanin Anthropic ya fito da tsarin Model Context Protocol, inda kowane kayan aiki ke gabatar da kansa ga ɗan aike da suna, da bayani, da jerin abin da yake karɓa. A 2025 aka ƙaro da wani fayil mai suna AGENTS.md. Tsare-tsare ne masu amfani, kuma duk sun tsaya a kan abu guda: a rubuta gaskiyar kayan aiki dalla-dalla.

Sai ga mutanen da suka shekara goma suna wulaƙanta abokan cinikinsu, suna ce wa mai tambaya ya je ya karanta abin da ba su rubuta ba, sun yi rububi suna sanar da duniya cewa manhajarsu ta shirya wa ƙirƙirarriyar basira. Da ɗan'adam ne ke roƙo, babu lokaci. Da kasuwa ta juya, lokaci ya samu. Ka buɗe abin da suka ajiye kuwa, tsohuwar shara ce aka kwashe aka zuba a sabon buhu. Misalan da suka daina aiki tun sigar shekaranjiya. Kayan aiki mai suna "samo bayanai", bayaninsa kuma "yana samo bayanai". Saƙon kuskure da ba ya cewa komai sai "an samu matsala". Wace matsala? Daga ina? A sake gwadawa ko a tsaya? Wasu ma na'urar suke sa wa ta rubuta musu bayanin, su liƙa ba tare da sun karanta ba, wata na'urar ta zo ta karanta ta yi aiki da shi a kan kuɗin marayu.

Kuma duk da Ingilishi. Ma'aikacin da zai sa ido a kan ɗan aiken a Omdurman da Larabci yake aiki. Na Maraɗi da Faransanci da Hausa. Idan ba zai iya karanta abin da aka gaya wa ɗan aiken ba, ta yaya zai gane ranar da ya kauce? An ce mutum ne zai riƙa dubawa, amma an rufe masa ido tun daga farko.

Akwai ma haɗarin da ya fi wannan. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki, ɗan aike ya karanta ya bi, mai amfani bai gani ba. Ga ɗan aike, bayani da umarni kusan abu ɗaya ne. Wanda ya haɗa kayan wani da rumbun sunayen 'yan gudun hijira, a ƙasar da suna da ƙabila ke iya jawo wa mutum kisa, bai kuma karanta abin da ke rubuce a cikin kayan ba, ya san abin da ya aikata?

Abin takaicin shi ne gwajin ba shi da wuya, kuma ba shi da tsada. Tun a 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a aikinsu mai suna Gorilla, suka nuna cewa waɗannan na'urori kan ƙirƙiro kiran da babu shi idan suna aiki da ka, kuma sa musu takardar bayani a gaba yana rage hakan. Daga baya suka kafa ma'aunin gwada ƙwarewar na'urori wajen amfani da kayan aiki. A Disamban 2024 injiniyoyin Anthropic suka bayyana cewa a wani gwaji sun fi ɓata lokaci wajen gyara kayan aikin fiye da gyara umarnin da suke ba na'urar. Sun lura tana ɓata hanya idan aka ba ta guntun adireshin fayil, suka mayar da kayan ya ƙi karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya kau. Sun zauna ne suka kalli inda take tuntuɓe.

Abin da ake nema ke nan. A ɗauko ɗan aiken da bai taɓa ganin manhajar ba, a ba shi takardar bayani ita kaɗai, a kori wanda ya ƙera ta daga ɗakin don kada ya riƙa raɗa amsa. A ba shi ayyuka na gaske, irin waɗanda ma'aikaci ke yi ranar Lahadi da safe a Khartoum, da sunaye masu huɗu-huɗu da saƙonnin da aka rubuta da Larabcin kasuwa. A ƙirga nawa ya kammala daidai. A yanke masa intanet ana tsakiyar biyan kuɗi a ga me zai yi. A karanta tafiyarsa layi-layi, duk inda ya yi zato a koma takarda, domin a nan giɓin yake. A gyara, a sake. Duk ranar da aka taɓa manhajar, a maimaita. Sannan a miƙa wa sabon ma'aikaci ɗan'adam wannan takarda, domin abin da ya ruɗa na'ura kusan kullum ya daɗe yana ruɗa mutane, kunya ce kawai ta hana su faɗa.

Aikin 'yan kwanaki ne. Kuɗin bikin ƙaddamarwa ɗaya ya ishe shi. Me ya hana? Amsar ita ce rubuta bayani ba ya kawo tafi, ba ya shiga hoto, kuma wanda ya riƙe sani a kansa shi kaɗai ya san dole a dawo masa da sabuwar kwangila. Wasu lalaci ne ya hana su. Wasu da gangan suke yi, don su mayar da ma'aikata ko asibiti bayinsu.

Mu kuwa ba baƙin rubutu ba ne da za a ce mana al'ada ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don kada a dogara da tunanin mutum ɗaya a kan haƙƙin wani. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana da littafinsa. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Mai digiri a ilimin kwamfuta ne zai zo ya ce mana shi ya fi ƙarfin rubutu?

Laifin bai tsaya a kansu ba. Akwai jami'in da ya sa hannu ya karɓi manhajar ma'aikata ba tare da ya nemi ganin shafi ɗaya ba. Akwai mai ba da tallafi da ke neman rahoto mai shafi ɗari a kan yadda aka kashe kuɗinsa, amma bai taɓa tambayar ko wani zai iya tafiyar da manhajar bayan ɗan kwangila ya hau jirgi ba. Akwai jami'o'inmu da ke yaye ɗalibi ya kare aikin ƙarshe ba tare da an ce ya miƙa wa baƙo ya gwada da takarda kaɗai ba. Duk waɗannan sun san abin da ya kamata. Sun ga dai babu mai tuhumarsu.

To jama'a, mu ne masu tuhumar. Kuɗinmu ne, sunayenmu ne a cikin rumbunan nan, iyayenmu ne a layin asibiti. Duk ma'aikatar da za ta sayi manhaja, kada a biya kason ƙarshe sai an ga takardar bayani, da harshen da ma'aikatanta ke karantawa, an kuma gwada ta a gaban shaidu ba tare da mai ita ya buɗe baki ba. Duk wanda ya zo da tallar ɗan aiken na'ura, a ce ya nuna sakamakon gwaji: ayyuka nawa aka ba shi, nawa ya ɓata, me ya yi da layi ya yanke. In ba shi da amsa, ya tattara kayansa.

Khartoum na ƙoƙarin farfaɗowa. Mutane suna komawa Kalakla da Jabal Awliya, za a sake gina rajistar asibitoci da makarantu da filaye, kuma 'yan kwangila daga ko'ina za su yi layi da jakunkunansu, kowa na cewa nasa yana da ƙirƙirarriyar basira. Mutanen da suka ga abin da ke faruwa idan masani ya tafi sun fi kowa haƙƙin tsayar da kowane ɗayansu a bakin ƙofa, su ce ya fara ajiye takardar a kan tebur, da Larabci, kafin a buɗe maganar farashi.